GYARA KAYANKA: Sa'ad da Tankin Iska na Injin Ruwa Ya Gaji

Ina fata masara da dawa sun shiga rumbu lafiya, auduga da waken suya kuma sun yi kasuwa. A wannan wata za mu bar gona mu shiga cikin gida, gama wasiƙu biyu sun iso mana a kan magana guda, ɗaya daga wajen Bakori, ɗaya kuma daga cikin garin Malumfashi. Dukansu biyu kuka suke yi da injin ruwan gida. Da an buɗe famfo sai injin ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, kamar mai shaƙuwa, ruwan kuma ya zo da ƙarfi sa'an nan ya yi sanyi. Mai wasiƙa ta biyu ya ce an riga an sake masa kafasita sau biyu cikin wata uku, yanzu kuma ana ce masa ya sayi sabon inji.

Kada ya saya tukuna. Bisa ga abin da suka kwatanta, mai yiwuwa ne ƙwarai injin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana jikin ɗan tankin ƙarfen nan da ke kusa da shi, wanda masu gyara ke ce wa tankin furesha, mu kuwa a nan za mu kira shi tankin iska. Amma in aka bar shi haka, ba da daɗewa ba zai kashe injin da gaske. Sa'an nan fa uwargida da yara su koma ɗaukar bokiti, maigida kuma ya koma biyan 'yan garuwa kowace safiya, ga kuɗin sabon inji yana jiransa.

Ƙasarmu da ruwanta

Kafin mu taɓa sifana, bari mu tuna irin ƙasar da muke zaune a kai. Daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Kafur, Malumfashi har Ƙanƙara da Faskari, ƙasar tudu ce, dutse ne a ƙarƙashinta. Kogin Sakkwato ma daga kusa da Funtua ya taso. Muna samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, amma cikin wata biyar ko shida yake zuba duka. Wanda ya nutse ƙasa ba ya samun yashi mai zurfi da zai kwanta a ciki, sai dai ya taru cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin dutse. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu a Jabiri ko Dutsen Reme sun haƙa rijiyar burtsatse, ta ɗaya tana ambaliya, ta ɗayan kuwa sai an yi mata haƙuri. Daga watan Maris zuwa Mayu ruwan yakan ja da baya a rijiyoyi da yawa.

Akwai madatsun ruwa, kamar Mairuwa da Gwaigwaye a wajen Funtua, da kuma ta Malumfashi, amma garuruwa sun yi girma sun wuce inda bututun gwamnati ya tsaya. Saboda haka duk wanda ya sami hali yakan haƙa tasa. Yawancin gidaje sumo suke sakawa cikin rijiya, ya tura ruwa zuwa tankin roba a bisa hasumiya. Waɗansu kuwa, musamman masu bene da masu banɗaki na zamani, sukan ƙara ɗan inji a ƙasa domin ruwa ya fito da ƙarfi. A jikin wannan inji, ko kuma a bakin rijiyar kanta, ake samun tankin iska.

Abin da ke cikinsa

In ka dube shi daga waje tulun ƙarfe ne kawai, ja ko shuɗi, wani mulmulalle kamar kabewa, wani dogo a tsaye. A cikinsa kuwa akwai salka ta roba. Ruwa yana shiga cikin salkar, iska kuma tana kewaye da ita tsakaninta da ƙarfen. A bayan tankin ko a bisa kansa akwai bawul irin na tayar mota sak, ta nan ake ɗura iskar.

Ruwa ba ya matsuwa. In ka cika kwalba da ruwa, ko ka hau kanta ba za ka ƙara ɗigo ɗaya ba. Iska kuwa tana matsuwa, in an matse ta kuma tana neman ta koma yadda take. Wani masani a Ingila mai suna Robert Boyle ya auna wannan tun a 1662, ya ga in an matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, ƙarfin turinta yakan ninka biyu. Wannan ita ce dukan dabarar. Inji ya tura ruwa cikin salka, salka ta kumbura ta matse iska. Sa'ad da matsin ya kai wani mataki, sai wani makunni mai aiki da kansa ya yanke wuta, inji ya huta. Uwargida ta buɗe famfo, iskar da aka matse ita ce ke turo mata ruwa, inji yana barcinsa. Sai matsin ya sauka ya kai mataki na ƙasa, sa'an nan makunnin ya sake tashe shi.

Matakan nan biyu ana ganinsu a fuskar geji, wato ɗan agogon nan mai allura ɗaya. Lambobi iri biyu ne a kai, bar da PSI. Ƙananan injuna da yawa suna tashi a bar 1.4 su mutu a bar 2.8, wato PSI 20 da 40. Waɗansu kuma PSI 30 da 50. Don ka gane ƙarfin abin, bar 1 daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin mita 10. Ke nan bar 2.8 kamar ka ɗora tanki ne a bisa hasumiya mai mita 28.

Ga wani abin da mai shago ba ya cika faɗa. Tankin da aka rubuta masa lita 24 ba lita 24 na ruwa yake ba ka ba. Yawancin cikinsa iska ce. A kan matakin bar 1.4 da 2.8, abin da zai fitar kafin inji ya sake tashi wajen lita 8 ne, kashi ɗaya bisa uku ke nan, ko rabin jarka bai kai ba. Mai lita 100 zai ba da wajen lita 33. Ka riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

To, yau da gobe robar takan tsufa ta huje, ko kuwa iskar ta zurare ta bawul kaɗan kaɗan, yadda tayar keke ke sacewa ko ba ƙaya. Da iska ta ƙare, ruwa ya cika tankin maƙil, ba sauran abin da zai matsu. Inji yana tashi, nan take allura ta harba sama, makunni ya yanke. Kofi ɗaya ya fita, allura ta faɗo, makunni ya mayar. Shaƙuwar ke nan.

Abin da ya sa wannan ke kashe inji shi ne, lokacin tashi ne motar lantarki take shan wahala. A daƙiƙar farko takan ja wuta ninki da yawa fiye da abin da take ja in ta kama gudu, kwayil ɗinta kuma ya yi zafi. Tana bukatar ta ɗan yi gudu zafin ya sauka. Kamfanin Franklin Electric na Amurka, masu ƙera motar sumo, sun ƙayyade cewa motar da ke aiki da wutar gida mai ƙarfin doki 1 zuwa 5 kada ta wuce tashi 100 a kwana guda, ƙananan da ba su wuce uku bisa huɗu na doki ba kuwa 300, kowane tashi kuma ta yi aƙalla minti ɗaya tana aiki. Yanzu ka lissafa. Injin da ke tashi kowace daƙiƙa biyar, sau 12 ke nan a minti. Wankan mutum ɗaya na minti goma ya kai tashi 120. Kafin yara su gama shirin makaranta ya cinye rabonsa na kwana da kwanaki. Kafasita ce ke fara mutuwa, sa'an nan bakin makunni ya ƙone, daga ƙarshe kwayil. Wanda ke sake kafasita kullum bai taɓa tankin ba, yana maganin ƙaiƙayi ne ya bar ƙazuwa.

A tabbata kafin a kashe kuɗi

Ba kowace rigimar inji ce laifin tanki ba. In inji yana tashi da kansa cikin dare alhali ba wanda ya buɗe famfo, ruwa ne ke zurarewa wani wuri. Ka duba tukunyar masai ta zamani, ita ce babbar ɓarauniya, ka duba bututun da aka binne, ka kuma duba bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya. In kuwa inji yana ta gudu ba ya mutuwa sam, allura ba ta kai sama, to ko rijiya ta ja baya, ko farfelar injin ta cinye, ko wutar ce ba ta da ƙarfi. In famfo yana tofar da iska yana tari, musamman da bazara, wannan ma maganar rijiya ce. A kashe inji nan da nan, gama sumo da ruwa yake sanyaya jikinsa, in ya yi gudu a bushe ƙonewa zai yi.

Gwajin tankin kansa ba wuya. Ka kashe wuta. Ka buɗe famfo mafi kusa, ka bar shi har ruwa ya daina zuwa, allura ta kwanta a sifiri. Ka kwance murfin bawul, ka danna ɗan tsinken da ke ciki da farce ko ashana. In ruwa ya fito, ko da feshi ne, magana ta ƙare, salka ta huje. In iska ce ta fito, ka auna ta da gejin taya. In ba abin da ya fito, ka kawo famfon keke ko na babur ka ɗura masa, famfon ruwa yana buɗe. Idan kana ɗurawa kana jin iskar tana fita ta bututu, salka ta huje. Idan ta zauna, ka auna, ka bar shi ya kwana, da safe ka sake aunawa. In lambar ba ta sauka ba, ka yi sa'a, iska kaɗai ya rasa, ba ka da sayen kome. In ta sauka, ka ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul. Kumfa ta tashi, tsinken bawul ne ya lalace, mai faci a bakin tasha zai ba ka wani da ɗan kuɗi kaɗan.

Akwai kuma gwajin kunne da na hannu. Tanki mai lafiya in ka ƙwanƙwasa shi da sifana wajen iska yakan yi ƙara kamar gwangwani. Wanda ya cika da ruwa ko'ina ka buga sai ka ji dum. In ka girgiza shi bayan an zubar da ruwa, mai lafiya ba shi da nauyi.

Salka ko tanki duka?

Waɗansu tankuna suna da faifan ƙarfe a wajen bakin ruwa wanda aka ɗaure da noti shida ko makamancin haka. Irin waɗannan ana iya buɗe su a zare tsohuwar salka a sa sabuwa, in an sami daidai girmanta da faɗin bakinta. Waɗansu kuwa a liƙe suke, ba a buɗe su. Ko wanda ake buɗewa, kafin a kwance noti ɗaya sai an fitar da iskar duka ta bawul, in ba haka ba faifan zai iya tsalle ya sami mutum a fuska. In an buɗe, a haska ciki da tocila. Tun da salka ta huje ruwa yana taɓa ƙarfe. In tsatsa ta ci ciki tana ɓarewa, sabuwar salka ba za ta yi wata nawa ba za ta tsage a kanta. A yar da shi.

Ina roƙonku da babbar murya, kada a kai tankin iska wurin mai walda. Na san halinmu, ba ma son yar da ƙarfe, kuma masu waldanmu gwanaye ne. Amma ƙarfen da tsatsa ta huda a wuri ɗaya ya riga ya yi sirara a wuri goma. Tankin ruwa in ya fashe zuba yake yi. Tankin da ke riƙe da matsattsiyar iska kuwa tarwatsewa yake yi, sau da yawa kuma a tsakar gida yake, inda yara ke wasa. Facin tif ɗin mota a kan salka ma ɓata lokaci ne, ga shi kuma ruwan sha ne ke bi ta wurin.

Wajen saye

A nan ne lissafin ɗazu zai yi amfani. Ka ɗauki jarka mai lita 25 da agogo, ka ga minti nawa injinka ke cika ta. A ce cikin minti ɗaya ya ba da lita 30. Tun da muna so ya yi minti ɗaya yana gudu kowane tashi, tankin da ya dace shi ne wanda zai karɓi lita 30, wato mai lita 100 a rubuce. Ɗan mulmulallen nan mai lita 24 da ake sayarwa haɗe da inji ya isa ɗaki ɗaya da famfo biyu. Gidan da ke da iyali goma sha, da baƙi, da awaki, ya fi ƙarfinsa. In kuwa sumo ne kai tsaye yake tura wa tankin, ni ba zan sa abin da ya gaza lita 100 ba, gama ciro sumo daga rijiya aiki ne na mutum uku ko huɗu da yini guda, ban da kuɗin gyara. Girman tanki ba ya ɓata kome. Ƙanƙantarsa ce ke ɓatawa.

Ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Za ka ga lita nawa ne, da iyakar matsin da zai iya ɗauka, yawanci bar 8 ko 10. Ka tabbata na ruwan sha ne, gama a ƙasashen sanyi akwai masu kama da shi da ake yi domin bututun ɗumama ɗaki, robarsu ba ta ruwan sha ba ce, sukan kuma shigo cikin kayan gwanjo. Launi ba shaida ba ne. Ka sa a danna bawul a gabanka ka ji iska, domin sabon tanki da iskarsa yake zuwa daga masana'anta, wanda ya zo fanko kuwa akwai dalili. Suna mai kyau a jikin fenti ma ba ya isa, jabu ya yi yawa a kasuwa. Ka ɗaga shi ka ji nauyin ƙarfen, ka dubi ɗinkin waldarsa, ka karɓi rasit. In ba a samu a Funtua ba, Zariya ba nisa, ga kuma Sabon Gari a Kano. Ka tafi da tsohon ko da hotonsa domin bakin ya zo daidai. Yawancinsu inci ɗaya ne.

Ranar aiki

Maigida mai hannu zai iya wannan da kansa, in akwai wanda zai riƙe masa. Wanda bai saba da waya ba ya kira mai gyara, amma ya tsaya a kansa da wannan takarda a hannu.

Da fari wuta. Kada ka ce ai an ɗauke, gama ba ta sallama in za ta dawo. Ka zare fis ko ka sauke babban makunni, ka cire wayar janareto, in akwai sola ka kashe ta, ka kuma gaya wa kowa a gida kada a taɓa. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe, kada a sa mata yatsa. Uwargida ta tari ruwan yini tun da wuri. Sa'an nan a rufe bawul da ke zuwa daga tankin sama in akwai, a buɗe famfo har allura ta kwanta.

Ka yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe mahaɗar tagulla, ɗaya ta juya tanki, don kada bututun roba ya karye. Tankin da ya cika da ruwa yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, mai lita 100 kuwa ya kai buhun masara har da ɗoriya. Kada yaro ya tsaya ƙarƙashinsa.

Tun da an buɗe, ka duba mahaɗar nan mai baki biyar inda geji da makunni suke ɗaure. Ramin da ke kai ruwa ga makunni ƙarami ne, laka da yashin rijiya sukan toshe shi, makunnin ya riƙa yin abin da ya ga dama. Ka zure shi da waya. In allurar geji ta maƙale ba ta komawa sifiri, ka sake shi, ba shi da tsada, kuma shi ne idonka. Ka buɗe murfin makunni ka kakkaɓe. Cinnaku suna son wurin nan, zanzaro ma yakan yi gini a ciki. In bakinsa ya yi baƙi ya ƙone saboda wahalar da ya sha, sabo ya fi.

Yanzu ga wurin da masu gyara da yawa ke tsallakewa, shi ne kuwa zuciyar aikin. Kafin ruwa ya shiga sabon tanki sai an daidaita iskarsa da makunninka. Ƙa'idar ita ce iskar ta gaza matakin tashin inji da PSI 2, wato wajen bar 0.14. In injinka yana tashi a PSI 20, iska ta zama 18. In a 30 yake tashi, ta zama 28. Abin da masana'anta ta ɗura ba lalle ya dace da naka ba. In iska ta yi yawa, salka takan wofince kafin inji ya tashi, ruwa ya yanke ɗif na ɗan lokaci sa'an nan ya dawo da bugu. In ta yi kaɗan, salka takan miƙe fiye da kima ta mutu da wuri. Kullum kuma a auna ne sa'ad da tanki ba ruwa. In da ruwa a ciki, ƙarfin ruwan kake aunawa. In za ka kai wa mai faci ya ɗura da injinsa, ka tsaya kusa, gama hannunsa ya saba da tayar tirela.

Ka naɗa farin tef a bakin zaren, ta hannun da ake ɗaurewa, zagaye shida ko takwas. Ka fara ɗaurawa da hannu har ya kama sosai, sa'an nan sifana ta ƙarasa, ba da ƙarfin tuwo ba. Kada a sa bawul na rufewa tsakanin tanki da makunni, domin ranar da wani ya rufe shi da mantuwa shaƙuwar za ta dawo nan take. In sumo ne ke turowa, a sa bawul mai sakin ruwa da kansa in matsi ya wuce kima, gama sumo mai ƙarfi in makunni ya maƙale zai iya fasa bututu ko tanki. Babban tanki a ɗora shi a kan daɓen siminti, kada gindinsa ya zauna cikin laima. A yi masa rumfa. Ranar Afrilu tana dafa roba.

In injin na sama ne, sai an cika cikinsa da ruwa ta ɗan noti da ke kansa kafin a tashe shi. Masu noman rani a fadamun Danja da Kafur sun san wannan, haka suke yi wa injin ban-ruwa. A mayar da wuta, famfo ɗaya yana buɗe har iska ta gama fita, sa'an nan a rufe a zuba wa allura ido. Ta hau a hankali, inji ya mutu a matakinsa, allura kuma ta tsaya cik. In tana saukowa alhali kome a rufe yake, akwai yoyo. Daga nan ka buɗe famfo cikin bokiti ka auna lita nawa suka fito kafin inji ya tashi. In sun yi kusa da kashi ɗaya bisa uku na abin da aka rubuta a jikin tanki, aiki ya yi. Ruwan farko a ba shuka, kada a sha.

A cikin makunni akwai noti biyu a kan sifirin. Babban yana ɗaga matakan biyu tare, ƙaramin yana buɗa tazarar da ke tsakaninsu. Shawarata a bar su yadda suke. Duk wanda ya juya babban, to, sai ya sake daidaita iskar tanki.

Ko tankin iska ne ya dace da kai?

Wannan tambaya ba a yi mini ita ba, amma zan amsa. Tankin iska an yi shi ne domin ƙasashen da wuta ba ta yankewa, da kuma inda sanyi ke daskarar da ruwa in an bar tanki a waje. Mu ba mu da ƙanƙara, wutarmu kuwa kowa ya san halinta. In aka ɗauke ta, mai ɗan tanki lita 8 ke gare shi, shi ke nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tashin janareto domin wanke hannu ya zama wauta. Ga kuma rijiyoyinmu na cikin dutse, waɗanda suka fi son a ja su a hankali a bar su su taru.

Saboda haka a ganina ginshiƙin ruwan gida a wannan yanki shi ne tankin sama. Sumo ya cika shi sa'ad da wuta ta zo ko rana ta take, in sola ce, a sa masa makunni mai yawo a kan ruwa don kada ya yi ambaliya. Hasumiya mai mita 6 tana ba da wajen bar 0.6, ya ishi famfon tsakar gida da na kicin, in bututun bai yi ƙanƙanta ba. Sai dai a yi hasumiyar da gaske, gama tanki mai lita 2,000 in ya cika tan biyu ne, buhun masara ashirin ke nan a bisa kan mutane. Wanda ke da bene ko na'urar wanki da ke son ruwa mai ƙarfi, shi ne zai ƙara ɗan inji da tankin iska a bayan tankin ajiya, ya kuma bar hanyar da ruwa zai kewaye injin ya sauko da kansa ranar da ba wuta. Ta haka tashi da mutuwa suna kan ƙaramin inji mai araha da ke gaban idonka, sumo kuwa yana tashi sau ɗaya ko biyu a yini.

Za a kuma nuna maka wata 'yar na'ura ta lantarki da ake ɗaurawa a kan inji maimakon tanki da makunni. Tana da kirki guda, takan kashe inji in ruwa ya ƙare. Amma ba ta ajiye ruwa, ko kofi za a ɗiba sai inji ya tashi, kuma wuta mai hawa da sauka tana cin ta. Gidan da famfo ke ɗiga ba zai ji daɗinta ba.

Wanda ya zauna da tankin iska, ya auna iskarsa sau biyu a shekara, yanzu da kaka, da kuma farkon bazara kafin rijiya ta fara ja. Ya rubuta lambar iskar da ranar da aka sa tankin a jikin bango kusa da shi, da fenti ko gawayi. Uwargida, ke ce kike yini da famfo, kunnenki ne zai fara ji. Ran da kika ji inji ya tashi sau biyu kafin bokiti ɗaya ya kai rabi, ki kashe shi ki gaya wa maigida a ranar.

A wata mai zuwa za mu duba wankin tankin sama, da abin da ke sa ruwa ya yi kore a cikinsa. Masu tambaya su aiko da wasiƙunsu kafin tsakiyar wata, su kuma faɗi zurfin rijiyarsu da ƙarfin injinsu.